Littafin Ƙarƙashin Tebur

Da kafaɗa na ɗaga teburin, gwiwoyina suna ƙara, na zaro littafin da ke tokare da guntuwar ƙafarsa. Shekara goma sha huɗu yana nan. Ƙafar ta yi masa rami a tsakiya, bangonsa ya ruɓe da ruwan goge ɗaki, ko sunansa ba ya karantuwa.

Ba don ƙauna na ciro shi ba. Littattafaina ne suka ƙare, mai sayar da tsofaffin littattafai na bakin tasha kuma bai fito ba ranar.

Wai ni da karatu! Da a baya wani ya ce za a yi haka, da na ce a kai shi a duba kansa. A wurin aiki Injiniya ake kirana, alhali duba mitar ruwa ce sana'ata, gida gida, ni da ɗan kundin rubuta lamba da biro. Ina da shekara hamsin da uku. Yara sun watse, uwarsu ta bar gidan shekara shida da suka wuce, bayan auren autarmu. Ba faɗa ba zagi. Ta ce ta gaji, na ce ƙofa a buɗe take, ina zaton ba za ta kwana uku ba. Tun daga nan shiru ya tare a gidan, har na riƙa jin numfashin firji. Wani abokin aiki ne ya ara min littafi don in rage zaman zugum. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: yanzu idan ban yi karatu ba, ko abinci ba ya wucewa.

Wannan na ƙarƙashin teburin nata ne, kuma na san yadda ya je can.

* * *

Kwali biyu na littattafai ta zo da su gidana. Abin da ya riƙa ƙona min rai ba karatun ba ne, dariyarta ce. Sai in dawo a gajiye in tarar da ita tana dariya har da hawaye, irin wadda ban taɓa sa ta yi ba. Kishi na yi da takarda, in faɗi gaskiya. Abokaina na majalisa kuma suka ƙara min fetur, wai mace mai karatun labaran ƙarya idonta buɗewa yake yi.

Ranar da tukunya ta kama a wuta tana can tana karatu, na samu dalilin da nake nema. Na juye kwalayen a tsohon duro a tsakar gida, na zuba kananzir. Ɗaya kaɗai ya tsira, wanda na fizge daga hannunta, don na tuna teburin cin abinci yana rawa. Na cusa shi ƙarƙashin ƙafar, ya yi kauri. Sai na riƙa yago shafuka daga baya ina gwadawa, ina jefa su a wutar, har teburin ya zauna daram. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Ni kuwa na ɗauka na gyara gida.

* * *

Labarin wata mata ne da ɗanta ya shiga kwalekwale ya tsallake kogi neman aiki, bai dawo ba. Kullum tana bakin ruwa tana tambayar masu fito. Ban yi shafi ashirin ba na fara cin karo da rubutun fensir a gefe, ƙanana, rubutunta.

“Ni ma ina jira, amma nawa yana cikin gida.”

Can gaba kuma: “Yau kwana tara bai ce min komai ba sai ‘ina abinci?’”

Na ajiye littafin na wanke fuska, na dawo. Babu zagi ko ɗaya a ciki, da akwai ma da na fi samun sauƙi. Kusa da ƙarshe na tarar da tsinken tsintsiya da ta sa alama. Na wuce shi da shafi bakwai. Matar ta sayar da akuyarta, ta sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, sai littafin ya ƙare a tsakiyar magana. Na shafa haƙoran takardar da hannuna ya bari. Kwana ɗaya kawai na yi ban san ƙarshen labarin ba, na kasa zaune na kasa tsaye. Ita shekara goma sha huɗu.

Na kai wa mai littattafan bakin tasha. Ya juya shi ya taɓe baki.

“Injiniya, wannan ai ba suna ba bango. Irin waɗannan an daina buga su tun ina ɗan makaranta. Wane mara imanin ne ya yi masa haka?”

“Yara ne,” na ce.

* * *

Babbar ’yata ce ta faɗa min ciwon suga ya taɓa idanun uwarta, yanzu sai inuwar mutum take gani. Na ɗauki littafin na nufi gidan ƙaninta da la'asar, ina ta haddace kalmomin neman gafara a hanya.

“Yaya, yau kai ne a gidanmu? Lallai za a yi ruwa,” ƙanin ya ce, ya nuna min baranda.

Tana zaune a kujerar roba, ta rame, rediyo a cinyarta. Muka gaisa kamar baƙi. Kalmomin da na haddace suka gudu, sai kawai na ɗora mata littafin a hannu. Ta shafa shi, yatsanta ya faɗa ramin, ya tsaya.

“Baban yara, wannan na matar bakin kogi ne?”

“Shi ne.”

“Ikon Allah.” Ta yi murmushi, ta lalubo tsinken. “Nan na tsaya. Ka san har yau ina tunaninta? Wata rana in ce ta same shi, wata rana in ce ruwa ya ci ta. An ce yanzu kai ma kana karatu. To karanta min.”

Ashe daga inda take tsaye ranar ba ta san iya ɓarnar da na yi ba, ko kuwa ta sani tana so in faɗa da bakina. Na fara. Ita kuma ta kashe rediyo ta karkato kunne kamar yarinya. A shafi na uku ta yi dariya, irin waccan dariyar. Shafi bakwai ba su da yawa.

“Ci gaba mana. Ta shiga?”

Na yi niyyar in ƙirƙiro mata ƙarshe, in ce ta tsallake ta sami ɗanta. Ba za ta gani ba. Amma na riga na cuce ta sau ɗaya a kan wannan littafin.

“Babu sauran,” na ce. “Ni na yage su. Ya yi wa teburin kauri. Ki yafe min, don Allah.”

Ta daɗe tana shafa haƙoran takardar da babban yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da tsinken inda yake a da, ta rufe littafin, ta rungume shi.

“To teburin ya daina rawa?”

“Ya daina.”

“Madalla,” ta ce. “Ka gaida gida.” Ta kunna rediyonta.

* * *

Kafin magariba na isa gida. Na haɗa shayi, na ja kujera, na ɗora kofin. Ina jingina gwiwar hannuna teburin ya karkata, shayin ya malalo a hankali ya bi gefe yana ɗiga a ƙasa. Littattafai sun fi talatin a jere a kan kantar ɗakin, kowanne zai iya tokare shi. Ban tashi ba.