Aron Fuska a Gidan Mista Elbert

Renita na tsaye bisa kujera, ta miƙa hannu za ta sauke hoton ƙarshe, sai Mista Elbert ya ce daga inda yake zaune ta ɗan dakata. Hoton aurensa ne da Mis Verna, wadda ta rasu shekara shida ke nan. Sauran duk sun shiga kwali tun da safe: mahaifinsa cikin kakin soja, mawaƙan coci, jikoki da hular gama makaranta. Kalandar gidan jana'izar unguwa ma ta shiga, da littattafai, da man gashin da ke banɗaki, da duk abin da zai nuna wa baƙo cewa baƙar fata ne ke kwana a gidan.

"Gobe ƙarfe goma mai ƙiyasta gidan zai zo, Mista Elbert," in ji Renita. "In ya ga wannan, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza."

Tsohon ya ja numfashi ta siririyar robar da ke hancinsa, ya daɗe yana kallon hoton.

"Verna ba ta taɓa ɓuya don kowa ba," ya ce. "Sauke ta a hankali, Lauya."

Lauya yake kiranta tun tana aji uku, don yawan gardamarta, sai kuma ta girma ta karanta shari'a, ta kama aiki a wani ofishi da ke bin haƙƙin masu gidaje a nan Baltimore. Gidansu na kallon nasa, titi ne kawai a tsakani.

Abin da Mista Elbert Gaither ke so ba shi da yawa. Zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura, bene ya gagare shi, ga shi banɗakin gidan a sama yake. Ɗansa Darnell, da ke zaune a Atlanta, ya riga ya samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, ya ce ƙarshen wata za a zo a ɗauke shi, sai fa in an gina banɗaki a ƙasa an kuma ɗauki mai jinya. Shi kuwa tsohon ya ce a gidan nan Verna ta cika, a nan zai cika. Banki ya ce zai ba da kuɗin aikin a kan gidan, amma sai mai ƙiyasta gidaje ya zo ya faɗi darajarsa.

Ya zo kuwa, wata biyu da suka wuce. Tun daga ƙofa ya tambayi Mista Elbert ko haya yake yi. Minti goma sha biyu ya yi a ciki, bai leƙa sabon rufin ba, bai sauka ya duba injin ɗumama gidan ba. Takardarsa ta ce dala dubu ɗari da arba'in. Gida irin wannan sak, bulo ɗaya, faɗi ɗaya, a tsallaken babban titi inda Turawa suka fi yawa, an sayar da shi dubu ɗari biyu da sittin a watan nan. Mutumin bai kwatanta da wannan ba. Sai da ya tsallake layi tara ya nemo gidajen da ke kusa da kangayen da suka ƙone. Banki ya ce a yi haƙuri.

Abin da ya fi ƙona wa Renita rai shi ne yadda mutanen layin suka karɓi maganar. Kowa ya girgiza kai ya ce ai haka abin yake tun zamanin iyayensu, ya koma kan dakalinsa ya zauna. Ita ta ce ba za ta zauna ba. Ta nemi wani bankin, aka sa ranar sabon ƙiyasi, ta kuma tsara abin da mutane da dama suka yi a ɓoye suna jin kunyar faɗa: a kwashe alamar mai gida, a samo Bature ya buɗe ƙofa. In farashin ya tashi, tsohon ya sami banɗakinsa, ita kuma ta sami takardu biyu da za ta ajiye a gaban hukuma, gida ɗaya, fuska biyu. Sati uku tana lallashinsa kafin ya yarda.

Washegari ƙarfe tara Stan Wojcik, Baturen da aka samo, ya iso da jaka cike da hotunan jikokinsa masu jan kumatu. Shekara talatin suka yi da Mista Elbert a masana'antar ƙarfe, kafin a rufe ta. Ya tarar da abokinsa cikin kwat ɗin coci da hula, takalmi na ƙyalli, kamar mai zuwa ɗaurin aure, alhali titi kawai zai tsallaka.

"Shekara talatin kana cinye mini abincin da Verna ta ƙulla mini," in ji Mista Elbert, "yau kuma gidan kake so."

Stan ya ce shi da an tambaye shi da ya zaɓi gidan da ke da kujera mai laushi, wannan ta Elbert duk ta lotse da siffar ɗuwawunsa. Tsohon ya gargaɗe shi kada ya taɓa rediyo, kada kuma ya buɗe baki da yawa, don duk wanda ya ji shi minti biyar zai san bai taɓa gyara ko famfo ba. Suka yi dariya, dariyar ta koma tari. Stan ya shiga rataya hotunan jikokinsa a ƙusoshin da ba nasu ba.

Shi da Renita suka sauko da tsohon a keken guragunsa daga matakala ukun ƙofa, ta tura shi zuwa falon gidansu, ta ajiye shi a bakin taga, ta ja labule ta bar 'yar kafa. Ta ce masa awa ɗaya ce kawai.

Goma ta yi, mutumin bai zo ba. Goma da rabi, shiru. Renita ta duba tulun iskar da ke rataye a bayan keken, allurarsa ta sauka ƙasa da rabi, babban injin iskar kuwa yana can gidan tsohon, sun tura shi cikin kabad sun rufa masa bargo. Ta kawo shayi, bai sha ba. Sai sha ɗaya da kwata wata farar mota ta tsaya, wani saurayi Bature ya fito da na'urar rubutu a hannu. Ba na farkon ba ne. Stan ya buɗe ƙofa, suka gaisa, saurayin ya tsaya yana shafa dutsen matakala yana yabawa. Bai tambayi kowa ko haya yake yi ba.

Renita ta rubuta lokacin a wayarta. Minti goma sha biyu suka wuce. Ashirin. Ta ga saurayin ya fito baya ya ɗaga kai yana ɗaukar hoton rufin, ya koma ciki. Da aka kai minti talatin da biyar sai ta ji kanta tana murna, murna mai ɗaci, ta juyo ta gaya wa Mista Elbert cewa sun kama su.

Bai ji ta ba. Hularsa ta karkace, leɓensa ya yi toka-toka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Kowane numfashi sai ya ɗaga kafaɗa kafin ya samu. Ta zaro waya za ta kira motar asibiti, ya riƙe mata hannu da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, in motar nan ta ɗauke shi daga nan, daga asibiti sai gidan tsofaffi, ita ma ta sani, ba zai sake ganin ƙofarsa ba.

"Mai da ni gida."

Ta leƙa ta kafar labule. Farar motar na nan. Ta durƙusa a gabansa ta ce saura kaɗan, mutumin ya kusa gamawa, bene kawai ya rage masa. In suka shiga yanzu, komai ya rushe, banɗakin, da takardun, da duk sauran tsofaffin layin da aka yi wa irin wannan suka haɗiye. Ta ji muryarta tana fita irin ta ofis, a jere, hujja bayan hujja, ta kasa tsayar da ita. Ta roƙe shi minti goma.

"Lauya," ya ce, "ba ni da minti goman da zan ba ki."

Ta tashi ta saki birkin keken.

Titin da take tsallakawa da taku goma sha biyar, ranar nan ya yi mata faɗi. Mutanen layin na kan dakalinsu, duk sun san abin da ake ciki. A gindin matakalar ta tsaya, don ba za ta iya ɗaga keken ita kaɗai ba. Ta buga ƙofa. Stan ya buɗe da kofin kofi a hannu, ya dubi abokinsa, ya ajiye kofin a ƙasa. Saurayin ya leƙo daga bayansa, da ya ga halin da ake ciki ya jefa na'urarsa bisa kujera ya sauko da sauri. Shi ya kama gefe ɗaya, Stan ya kama ɗaya, suka shigar da tsohon falo. Renita ta yaye bargon, ta jawo injin daga kabad, ta kunna, ta sauya robar.

Sai da numfashin ya ɗan daidaita saurayin ya tambayi Stan, cikin ladabi, ko maƙwabcinsa ne, ko a kira masa iyalinsa. Stan ya dubi Renita. Renita ta dubi ƙasa.

"Ni ne Elbert Gaither," in ji tsohon. Ya huta. "Gidana ne. Shekara arba'in da ɗaya. Rufin nan ni na biya. Rubuta."

Saurayin ya dubi bango, inda yara masu jan kumatu ke murmushi, ya dubi Stan, ya dubi injin da aka fito da shi daga kabad. Kunnuwansa suka yi ja. Ya buɗe baki kamar zai ce shi ba irin waɗancan ba ne, bai faɗa ba. Ya ɗauki na'urarsa ya ce saura bene. Ya hau, ya sauko, ya yi sallama da kowa da sunansa, ya tafi. Renita ba ta duba agogo ba, don haka ba ta san minti nawa ya yi a sama ba, ba ta kuma san abin da ya riga ya rubuta kafin a buga ƙofa ba.

Likitar da ta zo da rana ta saurari ƙirjinsa, ta fito da Renita waje ta ce maganar kwanaki ce, ba ta ga amfanin motsa shi ba. Aka kawo gadon jinya aka kafa a falo. Stan ya kwashe jikokinsa ya mayar jaka, bai tafi ba, ya kwana a kujerar da ya ce ta lotse. Renita ta ɗauko kwalaye za ta mayar da komai, tsohon ya ce kada a dame shi da hayaniya, a jingina masa Verna a kan tebur kawai.

Darnell ya sauka washegari. A tsakar titi ya tare Renita, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta ɗauki mutum mai ciwon zuciya ta fitar da shi daga gidansa, ta raba shi da injinsa, don ta sami takardar da za ta kai ofis. Ta ce ba ita ta rage wa gidan daraja ba, ba ita ta sa dole sai an ari fuska kafin a ga rufi ba. Ya ce ya sani, amma ba a kan wannan yake magana ba. 

Ranar Alhamis da hantsi Mista Elbert ya sa aka buɗe masa taga. Motar shara na wucewa, wata mata na kiran karenta. Stan na karanta masa sakamakon wasan jiya daga jarida, yana ƙara nasa zagin ga 'yan wasan. Ya kai tsakiyar shafi ya jira a ce masa ya yi wa mutane shiru, ba a ce ba. Darnell na riƙe da hannun mahaifinsa. Stan ya ninke jaridar a hankali ya ɗora a gwiwa.

Bayan kwana takwas aka binne Mista Elbert kusa da Mis Verna, aka dawo gidan cin abinci. Falo ya cika da huluna da baƙaƙen riguna, teburin ya cika da soyayyar kaza, da makaroni, da burodin masara. Renita na karɓar riguna a bakin ƙofa sai ta ji abu ya faɗo ta kafar wasiƙun da ke jikin ƙofa, ya sauka kan takalminta. Ambulan ce mai kauri daga banki, da sunan Elbert Gaither a tsakiya. Ta ɗauka. Ta san lambar sabuwar darajar gidan tana shafi na biyu. Ta sa babban yatsa a bakin ambulan, sai aka kira ta daga ƙofa, wata tsohuwa na son a kama ta ta hau matakala. Ta ajiye ambulan ɗin a gefen tebur ta je.

Da ta juyo, wata 'yar coci ta fito daga kicin da tukunyar ganye mai zafi, tana neman inda za ta ajiye kada ta ƙona katakon. Ta ga ambulan, ta jawo ta da gwiwar hannu, ta ɗora tukunyar a kai, ta buɗe murfi. Tururi ya tashi. Mutane suka fara miƙo faranti.