Agade Biyu a Hannun Don Teyo

Shekara talatin da ɗaya Don Teyo Quiñones yana waƙar salsa a gidajen rawar Bronx, bai taɓa buɗe baki hannunsa babu caki ba. Marakas ne na fatar saniya, ɗinkin garin Ponce, namiji mai siririyar murya a dama, tamata mai kauri a hagu. Na roba kuwa, in ji shi, an yi su ne don jarirai da 'yan yawon buɗe ido.

Ranar ɗaukar faifai, injiniya Lenny ya yi magana daga bayan gilashi.

"Don Teyo, cakinka na shiga makirufon murya. Ajiye su. Waƙa tukuna, su daga baya."

Teyo ya kwantar da su kan kujera kamar tagwaye. Aka saki kiɗa, ya shigo a makare. Aka sake, ya riga kowa. A karo na shida ya manta sunan matar da ya yi wa waƙar, wadda a lokacin tana gida tana dafa masa shinkafa da wake.

Casimiro, shugaban makaɗan, ya leƙo.

"Mutumina, ƙarfe huɗu za a karɓe ɗakin nan. In ba ta shiga ba, ƙanen matata zai rera."

"Wancan mai waƙa ta hanci?"

"Hancin nasa dai na bin kiɗa."

Teyo ya dubi hannuwansa. Ya sha gaya wa mutane cewa caki ba girgiza shi ake yi ba, jefa 'ya'yan cikinsa ake yi da wuyan hannu su sauka tare, cak. Bai taɓa lura cewa muryarsa ma can take ɗaukar oda ba.

Casimiro ya buɗe jakar cefanen da matarsa ta aike shi tun safe, ya miƙo masa fiya biyu.

"Kaɗa waɗannan."

"Ni? A gaban jama'a?"

"Faifai ba shi da ido."

Ya kaɗa, waƙa ta zauna daram. Ana tsakiyar baiti na biyu Lenny ya tsayar.

"Wani abu na ƙwanƙwasawa."

Fiyar ta nuna, ƙwallon ciki na yawo. Teyo ya ɗan ji alfahari: ko kayan marmari ba sa iya shiru a hannunsa.

Saura minti ashirin aka koma ga ɗanyen agade. Bai karɓa da gaggawa ba. Ya auna wannan, ya kai wancan kunne, ya mayar da guda, ya zaɓi wani.

"Teyo, don Allah," in ji Casimiro.

"Ka ba ni mata biyu. Ina namijin?"

Da aka samo namijin, ya rera ta daga farko har ƙarshe a shiga ɗaya, har da sunan matar, Providencia, sau uku, ramuwar ɗazu. Ƙanen matar Casimiro bai taɓa sanin ya kusa shahara ba.

Sai aka zo ɗaukar cakin shi kaɗai. Namiji a dama, tamata a hagu, 'ya'ya na sauka tare. Ba a jima ba Lenny ya dafe goshi.

"Don Teyo, yanzu kuma muryarka ce ke shiga makirufon caki."

"Ban ce komai ba."

"Kana amshi."

Casimiro ya zaro wuƙa, ya raba fiya ɗaya gida biyu, ya cusa masa rabi a baki. Da haka aka gama, saura minti uku.