Ƙuri'a Biyu a Shagon Zoɓo

A layin masu kayan ƙamshi na Al Ras, a birnin Dubai, ba kowa ya san sunan Alhaji Salmanu ba. Farfesa ake ce masa. Sana'arsa dai busasshen zoɓo da citta da ƙaro, ana loda masa kwantena daga Kano, shi kuma ya rarraba wa masu saye. Abin da ya jawo masa laƙabin shi ne kunnensa ba ya rabuwa da tashoshin labarai, kuma duk abin da ya ji da safe, kafin azahar ya zama nasa.

Ana saura mako uku a yi zaɓen shugaban Amurka, Farfesa ya riga ya gama ƙirga sakamako. Yana zaune a kan buhun citta, ya dubi Maharazu, maƙwabcinsa mai sayar da turaren wuta, ya ce, "Lissafin ba wuya. Yahudawan can tsintsiya ce, maɗaurinsu ɗaya. Duk ɗan takarar da ya fi rungumar Isra'ila, shi za su juye wa ƙuri'a. Khalas, magana ta ƙare."

Maharazu ya ce, "Farfesa, don Allah ka taɓa ganin Bayahude ido da ido?"

"Sai ka hau wata za ka san yana haske? Yalla, tashi ka ba ni wuri, ina da baƙi yau."

Baƙin wasu mata da miji ne daga Filadelfiya ta Amurka, masu ɗan kamfanin haɗa shayi. Shekara uku ke nan suna sayen zoɓo a hannunsa ta waya, ba su taɓa haɗuwa ba. Mijin, Mista Hashel, dogo ne mai furfura, yana tafe yana goge gumi. Matar gajeriya ce mai kaifin ido, tana shigowa ta cusa hannu cikin buhu, ta murza zoɓon, ta sunsuna. Ta ce sunanta Taliya.

Maharazu, wanda ya ƙi tafiya, ya raɗa da Hausa, "Irin wadda ake ci da manja?"

Salmanu ya taka masa ƙafa.

Da lokacin abinci ya yi, Salmanu ya ce zai aika a kawo shinkafar Larabawa da naman rago. Hashel ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce in da kifi da ganye sun wadatar, domin su ba kowane yanka suke ci ba.

"A'a, yankan nan halal ne," in ji Salmanu da Turancinsa na kasuwa.

"Na sani, aboki. Namu dokokin ne suke da ɗan bambanci. Mu Yahudawa ne."

Salmanu ya tsaya da waya a hannu, baki a sake. Shekara uku yana yi wa mutumin nan barka da Kirsimeti, shi kuma yana amsawa da godiya. Maharazu ya juya wa baƙin baya kamar yana duba buhun ƙaro, kafaɗunsa suna rawa.

"Farfesa," ya ce a hankali, "yau ga wata ya sauko shagonka. Sai ka tambaye shi hasken."

Aka kawo kifi gasasshe da gurasa. Salmanu ya daure har aka ci rabi, sannan abin ya ci ƙarfinsa. Ya gyara murya ya ce shi mai bin siyasar duniya ne, kuma ya san duk mutanensu ɗan takara ɗaya za su zaɓa, yana dai so ya tabbatar ne.

Taliya ta ajiye gurasarta. "Wanne daga ciki?"

"Wanda ya fi son Isra'ila mana."

Ta juya ta dubi mijinta. "Ka ji ko? Har Dubai an san ra'ayinka."

Hashel ya ce shi ba ya ɓoyewa. Shekara arba'in yana zaɓar jam'iyya ɗaya da matarsa, amma bana ya sauya. Ƙanwarsa tana zaune a Haifa, can Isra'ila, da jikoki huɗu, kuma duk lokacin da jiniya ta yi kuka a can, shi a Filadelfiya ba ya iya haɗiyar abinci. Wanda yake ganin zai tsaya wa ƙanwarsa, shi zai ba ƙuri'a.

Taliya ta ce, "Ni ma ƙanwar nan tawa ce, ni nake kiranta duk Juma'a, ba shi ba. Amma shugaban Amurka za mu zaɓa. Mahaifiyata shekararta tasa'in da ɗaya, maganinta kullum ƙara tsada yake. Makarantar unguwarmu rufinta yana yoyo. Waɗannan wa zai duba su? Kuma surutun ɗan takara ba shi ne zaman lafiya ba."

"To 'ya'yanku fa?" Maharazu ne ya jefo tambayar, don ya ga wutar tana neman lafawa.

Hashel ya ce ɗansu ɗaya ne tilo, malamin makaranta ne. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke yake fita zanga-zangar neman a tsagaita wuta, kuma ya rantse ba zai zaɓi ko ɗaya daga cikin manyan 'yan takarar ba. Rabon da su ci abinci tare lafiya lau, an kusa shekara.

Salmanu ya sunkuyar da kai. Shi ma hotunan yaran Gaza sun sha hana shi sukuni, kuma ya so ya faɗa tun ɗazu, yana tsoron ɓata wa baƙi rai. Sai ya faɗa, a taƙaice, ba ado. Taliya ta gyaɗa kai ta ce ita ma tana ganin hotunan. Hashel ya daɗe yana jujjuya kofin ruwa a hannu.

Ba a daɗe ba gardamar ta dawo, wannan karon a kan wanda ya fara karya alkawarin da suka yi na cewa ba siyasa a wannan tafiya. Muryoyi suka fara tashi har wani Ba'indiye mai shagon gaba ya leƙo. Salmanu ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu kamar mai sulhu a zauren mai unguwa.

"Haba Hajiya! A yi haƙuri mana, Hajiya. Shi aure ai..."

Maharazu ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Taliya ta tambayi ma'anar kalmar, aka yi mata bayani, ta ce ta karɓi sarautar, kuma daga yau mijinta ma haka zai riƙa kiranta.

Hashel ya share hawayen dariya, ya ce, "To ni ma in tambaya. Ku Musulmin Najeriya, ai duk mutum ɗaya kuke zaɓa ko?"

Salmanu ya buɗe baki, Maharazu ya riga shi. "Mista, wannan da kake gani, shi da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, wata biyu suka yi ba sa ga-maciji a kan zaɓen gwamna. Ranar zaɓen kuma yana nan Dubai, katinsa yana cikin durowa a Kano."

"Wannan wata magana ce daban," in ji Salmanu. "Siyasarmu tana da zurfi."

Bayan la'asar ya rako su bakin ruwa, inda za su hau ƙaramin jirgin katako su tsallaka. Suna tafe suna ci gaba da musu ƙasa-ƙasa. Da suka zo shiga, Hashel ya miƙa wa matarsa hannu, ta riƙe gam ba tare da ta katse jimlar da take yi ba.

Da aka yi zaɓe aka gama, Salmanu ya kwana biyu yana tunanin wa zai yi wa barka, wa zai yi wa jaje. A ƙarshe ya rubuta wa Hashel kawai, "Yaya gida?"

Amsa ta zo da yamma. Hashel ya ce mota ɗaya suka shiga zuwa rumfar zaɓe, kowa ya jefa tasa, ta ɗaya ta kashe ta ɗaya. Ɗan nasu bai jefa wa kowa ba, amma shi ya tuƙa su, kuma a hanyar dawowa sun tsaya su uku sun ci abinci, ba wanda ya tashi kafin a gama. Ya ƙara da cewa Hajiya tana gaisuwa, ta kuma ce zoɓon wannan karo a tankaɗe shi da kyau, na bara akwai yashi.