Tiyon Fijon Baba

Motar Baba Fijo ce a-kori-kura. Ta girme ni, kuma ta fi ni daraja a gidan. Da ita ya yi ta jigilar taki daga birni zuwa gonakinmu na bayan Tofa tun ba a haife mu ba. Yanzu shi da ita duk sun ajiye aiki, abu ɗaya ya rage musu: ranar Sallah in tuƙa, shi ya hakimce a gaba, mu tafi filin Idi. Baba bai taɓa rasa Idi ba, kuma ya rantse ba zai hau babur ko adaidaita-sahu ba, wai shi ba buhun gero ba ne. Ƙafa kuwa ko masallacin ƙofar gida ba ta kai shi sai an riƙe shi.

Bana sai motar ta ce ba ta san zancen ba. Tana tashi, amma da ka taka totur sai ta yi tari ta shaƙe. In ta daure ta tafi, ga zafi ga shan mai. Basiru makanike ya zo daga Rimin Gado, ya saurare ta, ya ce bakyum ɗin distiributa ne ya mutu. Wani ɗan gwangwani ne manne a gefen distiributa, da fata a cikinsa, da siririn tiyo da ya taho daga kafireto. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jan fatar, fatar ta ja wata 'yar sanda, wuta ta riƙa isa fulogi da wuri. Fatar tamu ta yage.

Ba a samu wani gwangwanin ba sai ranar da ake sa ran ganin watan Sallah. Ƙanena Kamaruddeen ne ya samo na hannu a Ƙofar Ruwa. Mai shagon ya ce a gwada, in bai yi ba a mayar kafin ya rufe, don in ya rufe sai bayan Sallah. Shi kuma Basiru iyalinsa na jiransa ya kai su garinsu da la'asar.

Sai na faɗi yadda azumin Baba yake. Likita ya hana shi saboda ciwon suga da na ƙirji, Baba ya ce likitan yaro ne. Yana tashi sahur tare da mu, da magariba shi ke fara ɗaukar dabino. Da rana kuwa Inna Hure takan shiga ɗakinsa da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta ce shara za ta yi. Duk gidan mun sani, unguwa ma ta sani. Babu wanda ya taɓa cewa uffan. Maƙwabta har sannu da ƙishirwa suke yi masa, yana amsawa da muryar wahala.

Basiru ya zura tiyo a bakin sabon gwangwanin, ya kai shi baki, sai ya tsaya. Gwajin abin nan ɗaya ne a wajensa: ka tsotsa ka ga sanda ta motsa, ka toshe da harshe ka ga ta tsaya. Ba shi da wata na'ura sai bakinsa. Tiyon kuwa warin fetur yake, har da ɗan laima a ciki. Ya ce bai kawo azuminsa har yau ba don ya zubar da shi a kan Fijo.

Kamaruddeen, da yake ya yi karatu, ya gyara tsayuwa ya yi bayani cewa muddin abu bai wuce maƙogwaro ba azumi na nan daram, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Basiru ya ce madalla, ya miƙa masa tiyon. Kamaruddeen ya dubi tiyon, ya ce sai dai kuma malamai sun ce barin abin da ake kokwanto a kansa ya fi. Ni aka juyo kaina, na ce ra'ayina ra'ayin malamai ne. Yara duk suna wajen tela suna gadin ɗinkinsu. A cikin gida akwai matan da ba sa azumi a ranar, amma ba a haifi wadda za ta fito ƙofar gida ta faɗa ba. Na ce a ɗaura kawai a gani. Basiru ya ce shi ba ya ɗaura abin da bai gwada ba, in ya ɗaura ya ƙi, kafin a kwance an rufe shago.

Muka tsaya, ƙarti uku da tiyo ɗaya, rana na tafiya. Baba na zaune a kujerarsa a gindin darbejiya, da dattawa biyu maƙwabtanmu a benci kusa da shi.

"Zubair," ya ce, "kawo tiyon nan."

"Baba, azumi fa," na ce, don bakina ya saba.

"Wane azumi? Miƙo."

Dattawan nan biyu suka shiga duban saman bishiya. Na kai masa. Ya goge bakin tiyon da hannun riga, ya yi bismillah, ya tsotsa. Kumatunsa suka lotsa, sanda ko gezau. Ya huta, ƙirjinsa na ƙugi. Kamaruddeen ya fara laluben makullin babur don ya mayar wa mai shago kayansa. Baba ya ɗaga masa hannu, ya sake ja. Sandar ta matsa kaɗan, ta ƙara kaɗan, ya toshe da harshe, ta tsaya cak.

Basiru ya ce fata lafiya lau. Ni ba fatar nake kallo ba. Mutumin da yake kiranmu daga gona mu ji shi a tsakar gida, iya numfashin da ya rage masa ke nan. Tsoro ya kama ni, da tausayi, na rasa inda zan sa idona. Baba ya tofar, ya ce a ce wa Hure ta kawo masa ruwa nan waje. Ya kurkure baki, ya sha ragowar a gaban kowa.

Basiru ya cire hular distiributa, ya kwance tsohon gwangwanin, ya saƙala sandar sabon ya ɗaure. Ya toshe tiyo tukuna, ya tayar da mota, ya sassauta distiributa yana juya ta a hankali, kunnensa a kan inji, har ƙarar ta daidaita. Sannan ya mayar da tiyon. Muka hau titi, a wani ɗan hawa ta yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ya tsaya ya ɗan juya distiributa baya. Ƙarar ta ɗauke. Ya wanke hannu ya kama hanyar Rimin Gado.

Da magariba Baba ya zauna a tabarma, amma bai taɓa dabino ba sai da kowa ya ɗauka. Aka ga wata.

Da safe na ɗora shi a gaba, babbar rigarsa ta cika kujera. Motar ta miƙe kamar ba ita ba, har na fara jin daɗin totur. Baba ya dafa gwiwata.

"Bi ta a hankali," ya ce. "In wannan fatar ta yage, baɗi sai kun nemo wani mai tsotsa."

Na ce to. A giya ta biyu muka isa filin Idi.