Rabon Masu Barci

Ranar Laraba aka kwaso su daga Gabas, ƙasar Larabawa, kuma kafin gari ya waye Sa'a ta mutu cikin jirgin sama saboda farantin shinkafa da tsokar kaza. Mijinta Zakari, mutumin Urafane, yana cikin jirgin. Bai sani ba sai bayan an binne ta.

Sun daɗe a can babu takardar zama. Shi yana wankin motoci, ita tana wanke-wanke a gidajen masu hali, har aka yi musu shara wata safiya aka zuba su gidan tsare baƙi, maza gefe, mata da yara gefe. Yaransu biyu suna wajenta: Nura ɗan shekara biyar, da Najiba wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Zakari ya san halin matarsa. Tun a Urafane ba ta kai loma baki sai yara sun ture kwano. A gida wannan hali ne na yabo. A inda ake raba burodi ɗaya da cokalin wake, hanyar kabari ce. Da ya hango ta a filin jirgi bayan makonni, wuyanta ya yi tsawo, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu.

Jirgin haya ne, cike da mutanen Tasawa da Mayahi. Aka zaunar da maza gaba, mata da yara baya, aka jera masu rakiya a tsakani, ƙarti cikin baƙaƙen riguna waɗanda aka ɗauka aiki don kada kayan su motsa. Jirgin ya ƙi tashi da wuri. Yara suka yi kukan yunwa har muryoyinsu suka dushe, sannan barci ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Sai da dare ya raba, ana can sama, aka turo keken abinci.

Ma'aikatan jirgi suna da ƙa'ida: ba a tada mai barci, kuma ba a aje masa faranti. Ƙa'ida ce ta ladabi. An yi ta ne domin mutanen da suka ci suka ƙoshi a gidajensu kafin su shiga jirgi.

Zakari ya buɗe nasa. Shinkafa mai zafi, kaza, ɗan dunƙulen burodi, da wani gato, wato kek, mai maiƙo. Ya ɗaga kai ya waiga ta saman kujeru, ya bi keken da ido har ya kai layin Sa'a. Ma'aikaciyar ta miƙa faranti ɗaya. Ta dubi kawunan yara biyu da suka langaɓe, ta yi murmushi, ta wuce. Ya ga Sa'a ta ɗora farantin a cinya ta ja gefen mayafi ta rufe.

Ya zaro jakar takardar da ke aljihun kujera, wadda aka tanada don amai, ya juye shinkafar da kazar ciki, ya ɗora burodin, ya naɗe ya cusa aljihun gaban rigarsa. Yara sun samu nasu. Saura ta sani, ta ci nata.

Na kusa da shi Mai Nasara ne, mutumin Kanan-Bakaché, wanda bakinsa bai huta ba ko a gidan tsare baƙi. Ya leƙo yana tsotsar ƙashi.

"Zakari, guzurin wa kake ƙullawa?"

"Ci naka ka bar ni."

"A'a, tambaya na yi. Ko kai ka yaye ɗiyar? In nono ne ya rage maka, hiddo mu gani."

Na bayansu suka fashe da dariya. Zakari ya miƙe tsaye ya fuskanci baya. Tsakaninsa da ita akwai layukan maza, bayan su akwai matan mutane. Ɗan Urafane ba ya ƙwala wa matarsa kira da suna cikin taro, balle a kan zancen tukunya. Ya buɗe baki.

"Jama'a, ku yi tsit!" in ji Mai Nasara. "Inna za ta yi rabon tuwo!"

Dariyar ta ci gaban jirgin duka. Wani mai rakiya ya dafa kafaɗar Zakari ya danna shi ƙasa, shi kuwa bai yi gardama ba, har ma ya ɗan ji sauƙi. Ya ce wa ransa bari a kwashe kwanuka, maza su yi barci, sai ya lallaɓa kamar mai neman ban ɗaki ya faɗa mata a kunne.

Kwashe kwanukan ne ya zo da abin. Duk farantin da ya fita sai ya koma cikin keke, an ci ko ba a ci ba. Da aka zo kan Sa'a ta riƙe nata da hannu biyu. Zakari yana jiyo muryarta sama-sama, da Larabcin madafa da ta koya, tana cewa na yara ne, in sun tashi. Ma'aikaciyar ta yi jim, da alama za ta ƙyale. Sai wani mai rakiya mai kaurin wuya ya matso ya kama gefen farantin ya fizga. Sa'a ta biyo farantin har ta miƙe tsaye a tsakiyar hanya. Ya sake fizga. Ta sunkuya ta kafa masa haƙora a bayan hannu.

Ya ɗauke ta da mari da ɗayan hannun. Ƙarar ta kai har gaban jirgi.

Zakari bai san lokacin da ya tsallake Mai Nasara ba. Mai rakiyar da ya tare shi ya sha goshi a hanci, hancin ya ba da sauti kamar an taka ƙwarya. Ya bi ta kansa. Ya ruga cikin siririyar hanyar yana tattaka ƙafafun mutane, ya afka wa mai kaurin wuyan ta baya da dukan nauyinsa. Mutumin ya faɗa kan keken abinci. Keken ƙarfe ne, cike da kwanuka, kuma ba a taka masa birki ba. Ya tafi da nauyin maza biyu ya haɗa Sa'a da hannun kujera, daidai ƙasan haƙarƙari.

Zakari bai ga wannan ba. Yana bisa gadon bayan mutumin, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, ya kama kunnensa da haƙori yana jijjiga kai kamar kare ya samu zomo. Ya ji gishirin jini ya cika masa baki. Sannan sauran suka iso. Takalmi na farko ya same shi a kwiɓi, na biyu a baki, ya ji haƙoransa na gaba sun zube kan harshe. Aka ja shi da ƙafa, kansa yana bugun ƙafafun kujeru. Wani ya durƙusa masa a wuya har idanunsa suka fara ganin baƙi.

A faɗi gaskiya, Mai Nasara ne ya fara tasowa. Ya fizgi butar shayi ta ƙarfe daga hannun wata ma'aikaciya ya kwaɗa wa wanda ke bisa wuyan Zakari, ruwan zafi ya watsu kan mai laifi da marar laifi. Aka fasa masa gira da gwiwar hannu. Maza suka miƙe, takalma da kwanuka suka fara yawo a sama, mata suna salati, yara suka farka gaba ɗaya suna tsala ihu. Wani tsoho ɗan Mayahi ya kama yatsan mai rakiya ya lanƙwasa har ya karye, yana yi yana kuka.

Muryar matuƙi ce ta kashe wutar. Ya yi magana da Larabci, ya maimaita da Faransanci: in ba a zauna ba yanzu, zai sauka a ƙasa mafi kusa ya miƙa su ga hukumar wurin. Mutanen da suka ɗanɗani gidan tsare baƙi ba sa bukatar tafinta a kan irin wannan. Kowa ya nemi kujerarsa.

Aka kai Zakari kujerar can gaba, aka ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da igiyar roba har ta nutse cikin nama. Tun da ya nuna yana cizo, aka naɗe masa baki da tsumma. Jakar takardar ta fashe a aljihunsa tun takalmin farko. Man kaza da jini suka haɗu suna bin ƙirjinsa. Haka ya zauna har gari ya waye ta taga, ba ya iya ko waiwaye, yana kasa kunne. Ya jiyo kukan Najiba ya tsaya. Ya ce alhamdu lillahi, uwar ta lallashe ta.

Da aka sauka Yamai, shi aka fara fitarwa ta ƙofar gaba, jandarmomi suka tafi da shi. Ya yi ta tambayar iyalinsa ana ce masa ana dubawa. Kafin wani ya ga dama ya faɗa masa, mutanen jirgin sun riga sun yi mata sutura a maƙabartar birni. An ce Mai Nasara ne ya shiga ramin, da ɗinki a gira. Bayan makonni aka sake Zakari, don babu wanda ya zo daga Gabas ya tsaya a kan ƙarar. Kunnen mai rakiya bai kai kuɗin jirgi ba.

Ya iske yaran a Urafane wajen yayarsa. An yi girbi, zangarniyar gero jibge a kowane gida, mata suna sussuka. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, ya haƙuri, ya haƙuri, yana amsawa da bakin da ba haƙora. Ba wanda ya san yadda aka yi. Sai ranar kasuwa wata tsohuwa ta yi sallama, doguwa, busasshiya, da igiyar akuya a hannu. Ta ce sunanta Zara'u, daga Issawane take, ita ce ta zauna kusa da Sa'a a jirgi, ita ce kuma ta kawo yaran har Tasawa. Ta ɗaure akuyar a gindin itacen bedi ta zauna bakin tabarma.

"Na zo in sauke nauyi, ɗana. In ba ka so in koma da shi."

"Faɗi, Inna."

Ta ce da aka janye keken, Sa'a ta koma ta zauna da kanta. Ta ce ba komai, iska ce ta ɗauke mata. Ta tattara shinkafar da ta zube a zanenta da ta ƙasan kujera, ta tsince gashi da datti, ta ba yaran a baki tun da hayaniya ta tashe su. Sannan ta fara neman ruwa. Leɓunanta suka yi fari, cikinta ya yi tauri kamar turmi, zufa mai sanyi tana keto mata. Ta jingina kai a kafaɗar Zara'u. Zara'u ta laƙana mata kalmar shahada, ta karɓa.

"Mi ya hana ku kira su?" in ji Zakari. "Ba su da magani cikin jirgin?"

"Kafin ta cika, ita ta hana. Ta ce za a ce ita ta ja. Bayan ta cika, mu muka hana." Zara'u ta dube shi ido cikin ido. "Ka ji abin da mai tuƙi ya ce. In muka yi kuka, su sauka ƙasar da ba mu san sunanta ba, su aje ta cikin ƙanƙara, su farke ta su ga mi ya kashe ta, mu kuma a wuce da mu. Wa zai wanke ta? Na shafe mata ido, na ɗaure haɓar da kallabina, na ja bargonsu na rufe ta har ka. Na bi matan layin da ido, kowace ta gane. Babu wadda ta yi ko tari."

"Ba su lura ba?"

"Sun zo da asuba da kekensu, an gyara shi. Yarinyar nan mai murmushi ta leƙo, na ce barci take. Ta sa yatsa a baki, wai kada a tashe ta. Ta ba yaran faranti ɗai-ɗai, tun da idonsu biyu. Nura ya cinye nashi tas a jikin uwar, yana jingine da ita."

Akuyar ta ja igiya tana neman kai bakinta ga ɓawon wake. Can cikin gida Najiba tana yi wa wani tsiwa. Zakari ya daɗe yana kallon tabon igiyar roba a wuyan hannunsa.

"Ita ta ci wani abu?"

"Ko ƙwara."

"Ta bar wata magana?"

"Ta bari. Ba ta yara ba ce, ta san ba za a yar da su ba." Tsohuwar ta gyara zama. "Ta ce, Inna, in an sauka ki tambaya mini ko Malam ya samu ya ci nashi kafin su ɗaure shi. Ga shi na tambaya. Ka ci?"

Zakari ya motsa baki. Zara'u ta jira, don tafiyar Issawane da nisa kuma ba ta son komawa da rabin saƙo. Ya ce mata ya ci. Ta ce madalla, ta yi addu'a, ta kwance akuyarta ta nufi kasuwa tun rana ba ta yi ba.

Ya bi ta da ido har ta sha kwanar masallaci. Maganar tana nan inda ya bar ta lokacin da ya miƙe tsaye maza suna dariya, gajeruwa, ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Sa'a, ci naki. Na aje musu nawa.