Takalmin Bana

Duk ranar farko ta sabuwar shekara Baduku ba ya karɓar aikin kowa. Yakan buɗe shagonsa rabi, ya ɗauko ƙafar katakon da ya sassaƙa daidai da tasa, ya zaro fatar da ya ɓoye wa masu saye saboda laushinta, ya zauna ya ɗinka wa kansa takalmi. Idan ya gama sai ya goge shi, ya ɗora a kan kantar shagon. Sharaɗin da ya gindaya wa kansa shi ne ba zai zura ƙafa a ciki ba sai ya yi kwana arba'in cur bai ɗaga wa kowa murya a gidansa ba.

Bana ya ɗinka na goma sha biyu. Sauran sha ɗayan suna jere a kantar sama, ƙasansu fes, ba wanda ya taɓa sanin ɗanɗanon hanya.

A faɗi gaskiyar mutum ko ba ya nan: Baduku ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Murya ce Allah ya ba shi, ya haɗa masa da gajeriyar zuciya. Cokali ya faɗi, ƙofa ta yi ƙara, a kira shi sau biyu, shi ke nan gida ya ɗauka. A bayan idonsa 'ya'yansa Aradu suke ce masa. Manyan biyu maza suna samun abin yi suka kama gabansu, gaisuwa ma sai ta bakin uwarsu. Saura Auta, mai shekara goma sha tara, wadda aka ce a makaranta ita ke karanta jawabi gaban taro. Shi dai labari yake ji. A gabansa in'ina take yi tun tana ƙarama, kalma ɗaya sai ta maƙale mata a maƙogwaro, idonta ya kawo ruwa. Wannan abu yana cin ransa, kuma ya san sarai daga inda ya samo asali. Burinsa a duniya bai wuce ya ji 'yarsa ta yi masa magana tiryan-tiryan ba, ko sau ɗaya.

Ranar ɗinkin takalmi kuwa babu wanda ya kai shi farin ciki. Basilla na ratsa fata, shi kuma yana ganin mutumin da zai zama: mai sallama a hankali, mai zama a falo a yi hira da shi. Kafin ya ƙulle zaren ƙarshe har ya ji kamar an gama, ya yafe wa kansa duk abin da ya wuce. Daɗin alkawari ke nan, tun ba a cika ba an sha romonsa.

"Bana fa an gama," ya ce wa matarsa da ya koma gida, kamar yadda ya saba.

"Allah ya sa, Baban Auta," in ji ta, ba ta ko ɗago daga littattafan 'yan ajinta da take dubawa ba. "Bara ma haka muka ji, har da rantsuwa."

Kwana goma sha bakwai shi ne mafi nisan zangon da ya taɓa ci. Bana a na tara ya faɗi. Auta ce ta zo gabansa riƙe da takarda, tana so ta gaya masa an ɗauke ta makarantar koyon jinya a wani gari mai nisa, wata huɗu ya rage ta tafi. Ta fara, "B-baba, an, an, an..." Ya jira. Wallahi ya jira, har ya danne gwiwarsa da hannu. Can sai ya ji muryarsa ta fita ba da izininsa ba: "Ki yi magana mana! Bakin naki ɗinke shi aka yi?"

Ta ajiye takardar a hannun kujera, ta shige ɗaki.

Wani zai ce ai sai a sake ƙirga daga gobe. Baduku ba haka yake lissafi ba. A wurinsa shekara kamar fata take, in wuƙa ta zame ta yanke ta a tsakiya, an yi asararta duka. Ya ce sai baɗi kuma.

"Baɗi tana ina?" matarsa ta tambaye shi. "Ba a fafe gora ranar tafiya, Baban Auta. Kai ko ranar tafiyar ma ba ka nufa ba, sai bayan an tafi."

Ya yi mata tsawa ita ma, tunda dai an riga an jiƙe.

Bayan kamar wata guda, wata safiya yana kakkaɓe kanta, ya ɗaga takalmin bana don ya share ƙarƙashinsa. Hannunsa ne ya fara sani kafin idonsa. Ƙasan takalmin ya yi kaushi. Ya juya shi, ya ga ƙurar hanya a tsagar ɗinki, da ƙaramar tsakuwa maƙale a dunduniya.

Shekara talatin yana karanta ƙasan takalma, ba ya bukatar a gaya masa halin mai su. Nasa da ke ƙafarsa dunduniyar hagu ce ke cinyewa ta waje, saboda yadda yake dukan ƙasa in yana tafiya. Wannan kuwa ya ci daidai wa daida, tafiyar mutumin da ba ya gaggawa. Sannan fatar sama ta karye a gindin yatsu, layi mai zurfi, irin wanda ba ya fitowa sai a takalmin mai yawan durƙusawa gaban wanda ke zaune. Ya zura hannu ciki. Fatar ta buɗe daidai inda babban yatsansa na dama yake da kumburi. Kuma da ɗumi.

Ya ajiye shi da sauri, ya goge hannunsa a riga.

Makullin shagon ɗaya ne, yana aljihunsa. Duk da haka ya leƙa wurin Tela maƙwabcinsa, ya tambaye shi ko ya ga wani na shiga masa shago.

"Wa zai shiga ramin zaki?" in ji Tela, allura a baki. "Kai kaɗai nake gani. Af, jiya ma da rana da ka wuce ka tsaya ka gaishe ni, har kana tambayar ƙafar tsohuwata, na ce yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Me aka ba ka ka ci ne, a sammana?"

"Jiya da rana ban fita ba."

"To aljaninka ne. Ka ce masa ya riƙa zuwa, ya fi ka kirki."

Tela ya yi ta dariya. Baduku ya koma shago, ya zauna yana kallon kanta, bai iya kama aikin komai ba.

Daga nan ya fara lura da gidansa. Famfon kicin da ya shekara yana ɗiga ya daina. Ƙafar kujerar da ke rawa an sa mata ƙusa, an kuma buga ta a karkace kaɗan, yadda shi yake bugawa. Wata rana da yamma matarsa ta ajiye masa abinci, maimakon ta tashi kamar kullum sai ta ɗan zauna.

"Na gode," ta ce.

"Da me?"

"Kai dai. Auta ta ce kar in yi maganar, wai kunya kake ji in an ambata. Sai ina makaranta kake zuwa, ko? Ba komai. Ni dai na ga yarinyar tana cin abinci yanzu."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya so ya ce ba shi ba ne, to amma ya ce wane ne? Auta ta fito ɗaukar kwano, ta saci kallonsa da wani irin haske a ido da bai taɓa gani ba. Sai ta dubi tsofaffin takalmansa da ya watsar a bakin ƙofa, hasken ya mutu, ta wuce.

Tsoro ya kama shi, amma abin da ya fi tsoron zafi shi ne kishi. Wani yana cin abin da shi ya shekara goma sha biyu yana yi wa tanadi.

Ya ce ko dai shi ne yake tashi cikin gyangyaɗin da yakan yi bayan cin abincin rana. Ya daina gyangyaɗin. Ya sa takalmin a kwali, ya ɗaure da zare, ya yi ƙullin da shi kaɗai ya iya. Washegari ƙullin na nan yadda ya bar shi, ƙasan takalmin kuwa ya ƙara ci. Ya yi tunanin ƙona shi, har ya kunna ashana, sai ya tuna matarsa ta ce yarinyar tana cin abinci yanzu. Ya hure wutar.

Saura mako uku Auta ta tafi, ya fito da takalmin ya ajiye a kan teburin aikinsa, gab da hancinsa, ya ce yau sai ya ga ƙarshen abin. Ya kafa masa ido tun safe. Rana ta take tsaka, wata mata ta zo da jakar da hannunta ya tsinke. Ya juya ya karɓa, ya ce ta dawo jibi. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Da ya waiwayo babu komai a teburin sai guduma da gwangwanin gam.

Bai ko rufe shagon ba.

Titi ya yi tsit irin na tsakar rana, inuwar kowa ta shige ƙarƙashinsa. Keken Tela ya yi shiru. Mai kayan miya yana barci a bayan teburinsa da hula a fuska. A gefen kwalta, inda ƙasa ke da laushi, ya ga sawu. Ya gane shi, don shi ya yanka layuka ukun nan a dunduniya da wuƙarsa. Taku ne gajere, natsattse, ya nufi gidansa. Ya bi shi yana haki, kuma duk saurinsa bai hango bayan kowa ba.

A bakin ƙofar falo ya tarar da takalmin, an cire shi an jera ƙafa da ƙafa, an kawar gefe don kada wani ya yi tuntuɓe. Shi watsar da nasa yake yi duk inda suka faɗa.

Sai ya ji murya daga ciki. Da farko bai gane ta ba, ya ɗauka baƙuwa aka yi. Magana ce ke zuba kamar an buɗe famfo, da dariya a tsakiya, da kwaikwayon muryar wata malama. Auta ce. Tana ba da labarin ranar da suka je gwaji, yadda wata ta suma da ganin allura alhali jinya ta zo koya. Ashe haka muryarta take, da ɗan kauri, irin ta mahaifiyarsa. Ya dafa bango, hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Wani ya amsa mata a hankali. "Allah sarki. To ke ba ki ji tsoro ba?"

Muryarsa ce. Tasa ce sak, har da 'yar shaƙewar da ƙurar fata ta bar masa, sai dai an sauke ta ƙasa, inda shi bai taɓa iya kai ta ba.

"Bari in wanke hannu, ki ƙarasa mini," in ji muryar. Kujera ta motsa. Can ciki ruwa ya fara zuba a kicin.

Baduku ya zame takalmansa, ya ɗaga labule ya shiga.

Auta na zaune a ƙasa ta jingina da kujera, tana ninke kayan tafiyarta. Gabanta kofin shayi ne an sha rabi. Ta ɗago ta gan shi, fuskarta a sake, ba ta ko lura ta wace ƙofa ya shigo ba.

"Har ka gama? Zo ka zauna, Baba, ai ba ka ji mafi daɗin ba. Da ta farfaɗo, ka san abin da ta fara cewa?"

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Kuma shi take kallo. Ga wurin zama nan kusa da ita, matashin kujerar bai gama tasowa ba. Abin da ya rage masa kawai ya durƙusa ya ce, me ta ce? Kalma uku. Ya san haka, ya ji su a kan harshensa. Ba sai an jira farkon shekara ba, ba sai an cika arba'in ba.

Amma ruwa yana ta zuba a kicin. Wani yana wanke hannu a gidansa, ya sha shayi a kofinsa, ya zauna da 'yarsa. Zafin nan da ya sani ya taso masa daga ciki ya cika ƙirji, ya danne, ya ƙara dannewa, ya ce a ransa daga gobe.

"Uban wa ke cikin gidana!"

Gilashin taga ya amsa. A kicin ruwa ya tsaya.

Rigar da ke hannun Auta ta zame. Yana kallo kafaɗunta suka tattare, fuskarta ta rufe a hankali. Idonta ya sauka ƙarƙashin labule, inda tsofaffin takalmansa suke, ya dawo kan fuskarsa, ta dube shi yadda ake duban wanda ya ɓata hanya ya faɗo gidan mutane.

"Au," ta ce. "K-k-kai ne."

Ta ja kayanta jikinta, ta juya ta zuba wa ƙofar kicin ido, tana jiran babanta ya fito.