Wanda Ya Amsa Sunan Nuhu

Shekara guda ke nan da rasuwar Nuhu, amma har yau idan Harira ta buɗe akwatin littattafanta sai ta ci karo da rubutunsa. Yayanta ne, shi ya koya mata karatu, kuma duk littafin da ya sayo mata sai ya rubuta a bango: "Na Malama Harira, mai tsoron kyankyaso."

Lokacin da yaƙi ya yi zafi aka shiga ɗibar sabbin sojoji, shi da amininsa Sagir suka tafi horo tare. Wata biyu kacal aka aiko cewa zazzaɓi ya kashe shi. Ko filin daga bai gani ba.

Sagir ne ya kawo kayansa gidansu a Unguwar Dosa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Tun daga ranar Inna ta riƙe shi ɗa. Da yake Nuhu ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Babana take ce masa. Yanzu Sagir take kira haka. A hankali zumunci ya zama zance, har aka sa ranar Asabar manyansa za su zo neman auren Harira.

Ran Laraba bayan la'asar suna zaune a zaure, Harira ta ajiye wa Sagir zoɓo.

"Malama, yau ba littafi? Ko kin fara tausayina ne?"

Ta yi murmushi tana murza gefen mayafinta. "Ba ni labarin Yaya Nuhu. Wanda ba ka taɓa ba ni ba."

Ya gyara zama. "Kin san a can duk wanda ya kwanta ciwo ana iya sallamarsa gida. Nuhu ya ce shi kam ba zai dawo unguwa a yi masa dariya ba. To, ni na rufa masa asiri. Da safe idan ana kiran suna, in amsa nawa, in zagaya bayan layi in sauya murya in amsa nasa. Kwana shida, wallahi ba wanda ya gane."

Da alfahari ya faɗa, yana jiran ta yaba.

"Shi yana ina?"

"Yana ɗaki, mun lulluɓe shi da barguna."

"Likita fa?"

"Ai da likita ya gan shi, shi ke nan, an gane."

Harira ta kafe shi da ido. A wancan makon na ciwon Nuhu sau uku ta kira wayar da Sagir ya ɓoye a sansani. Ta tuna sarai, don Inna ce ta yi mafarki ta hana ta sakat.

"Na kira ka, Sagir. Ka ce mini yana wanka. Ka ce yana fareti. Ka ce ya yi ƙiba."

"Shi ya sa ni rantsuwa, Harira."

"Mutumin da zazzaɓi ya juya wa kai? Daga tashar Kawo zuwa sansanin mota ɗaya ce fa. Da mun zo mun ɗauko shi. A yi masa dariyar mana! Da yanzu yana nan ana yi masa."

Da ƙarfi ta faɗa, ita da ko a aji ba ta iya ɗaga hannu. Sagir ya sunkuyar da kai.

Daga tsakar gida Inna ta ƙwala kira. "Babana! Shigo ka ci dambu tun da zafinsa."

Ya dubi Harira, idonsa ya kawo ruwa.

"Je ka amsa mata," in ji ta. "Ai ka saba amsa kiransa. Amma ka gaya wa kawunnanka kada su wahalar da kansu ran Asabar."

Ta ɗauki kofin zoɓon da bai taɓa ba, ta riga shi shiga gida. Inna ta sake kira, zauren shiru.